Mutum 48 da Aka Bari a Soddo

Aikina gabatar da shirye-shirye ne a wani gidan rediyo a Maraɗi, kuma cikin shirye-shiryen da ke hannuna akwai na yammacin Lahadi, inda masu bi ke bugo waya su yi tambaya, ko su roƙi a sa musu waƙa, ko su gai da 'yan'uwa. A watan Agusta na 2023, makonni kaɗan bayan sojoji sun karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, al'amura sun tsaya cik. An rufe iyakarmu da Najeriya, an yanke wutar lantarkin da ke zo mana daga can, da injin wuta muke aiki muna lissafin kowace lita ta mai, baƙi Turawa kuma suna ta ɗaure kaya. A irin wannan yammaci ne wani dattijo ya bugo daga wani ƙauye yamma da gari. Bai roƙi waƙa ba. Ya ce, "Ɗiyata, tambaya gare ni. Mu da muka buɗe ido muka tarar da mishan, su ne likita, su ne lakwal, daga hannunsu ɗan abin da mai bishara ke samu yake fitowa. To in suka watse gaba ɗaya, mu ina muka nufa?"

Na ce masa, "Baba, ai Allah yana nan, bai tafi ko'ina ba." Ya ce haka ne, ya yi godiya, ya kashe waya. Na sa waƙa. Amma ni kaina na san amsar baki na ba shi, irin gaskiyar da ake faɗa don a rufe magana. Dattijon nan ba shakkar Allah yake yi ba. So yake ya san me ake nufi da dogara ga Allah ranar Litinin da safe, in kuɗin da aka saba gani ya daina zuwa. Tambayar ta hana ni sakat, ita ce kuma ta kai ni ga karanta labarin wasu mutane a kudancin ƙasar Habasha, waɗanda abin da dattijon ke tsoro ya auka musu da gaske, shekara 86 kafin ya bugo mini waya.

Ba haka kawai na nufi Habasha ba. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta kafa aiki a Damagaram a 1924, ta zo Tsibiri, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, wadda kuma ikilisiyar ECWA ta Najeriya ta fito daga aikinta, ita ce dai ta shiga kudancin Habasha a ƙarshen shekarun 1920. In ana maganar tarihin ikilisiya, mu da mutanen da zan ba ku labari nono ɗaya muka sha.

Sunan ƙasar tasu Walaita. Tana kan tuddai, sama da kilomita 300 kudu da Adis Ababa, babban garinta Soddo yana gindin dutsen Damota. Ƙasa ce mai ruwa da yawan jama'a, abincinsu na yau da kullum kuma daga wani tsiro yake mai kama da ayaba da ake kira enset, wanda jikinsa da saiwarsa ake sarrafawa a ci. Walaitawa suna da harshensu da sarautarsu tun da daɗewa. A 1894 Sarki Menelik na Biyu ya kawo musu yaƙi da kansa, aka kashe dubbai, aka kwashi dubbai bayi, aka kama sarkinsu Kawo Tona da rauni a jikinsa. Daga nan aka zaunar musu da sojoji da hakimai daga arewa masu jin Amharanci. Manomi ya koma yana yi wa wani noma, yana kai masa hatsi da itace da zuma, matarsa tana yi wa gidan wani niƙa. Habasha ƙasa ce da Kiristanci ya kafu a cikinta tun ƙarni na 4, tun kafin ya isa yawancin Turai, amma a idon talakan Walaita na wancan zamani ikilisiyar Orthodox addinin masu mulki ce, da ta zo tare da bindiga, ana kuma yin sujadarta da tsohon harshen Ge'ez da ba ya ji.

Shi talakan ya san akwai Mahalicci, yana kiransa Tosa. Sai dai tsakaninsa da Tosa akwai iskoki da bokaye, kowane da abin da yake nema: akuya in yaro ya yi zazzaɓi, sa in annoba ta shigo. A farkon shekarun 1920, tun ba a ga ɗan mishan ko ɗaya ba, wani mutum mai suna Esa ya taso daga ƙasar Gamo da ke maƙwabtaka da su yana yawo yana wa'azi cewa a bar bautar iskoki a roƙi Tosa shi kaɗai. Jama'a suka bi shi da yawa, har hankalin hukuma ya tashi, aka kama shi aka kai shi Adis Ababa. Ban faɗi wannan don cika labari ba. Duk wanda zai fahimci abin da ya biyo baya sai ya san cewa an riga an yi wa gonar sharar farko.

'Yan mishan sun iso Soddo a 1928 ƙarƙashin jagorancin wani likita Ba'amurke, Dokta Thomas Lambie, wanda ya daɗe yana aiki a Sudan da Habasha, daga baya ma ya ajiye takardar zama ɗan Amurka ya zama ɗan Habasha. Aikin bai yi sauri ba ko kaɗan. Sun koyi harshe, sun buɗe ɗakin magani, sun koya wa 'yan yara karatu, amma sai a watan Disamba na 1933 aka yi baftisma ta farko, mutum 10 kacal. Akwai wani abu da suka yi wanda a lokacin za a iya kiransa rowa. Sun ƙi biyan masu bishara albashi, sun ƙi gina wa mutane majami'a da kuɗin waje, kuma da aka zaɓi dattawa daga cikin sababbin masu bi, sai suka bar musu maganar wa ya isa a yi masa baftisma da wa za a hore. Masanin tarihi Brian Fargher, wanda shi kansa ɗan SIM ne, ya nuna cewa wannan tsari yana cikin manyan dalilan da suka sa abin bai rushe ba daga baya. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, don za mu komo kansa.

Ranar 3 ga Oktoba 1935 sojojin Musolini suka shiga Habasha, da niyyar rama kayen da Italiya ta sha a Adwa a 1896. Sun yi amfani da jiragen sama da iskar guba. Sarki Haile Selassie ya bar ƙasar a farkon Mayu 1936, Adis Ababa ta faɗi ranar 5 ga watan, kudu kuwa ta shiga watanni na rashin hukuma, kowa na ramuwar gayya a kan kowa. A cikin wannan ruɗani aka kashe 'yan mishan biyu, Tom Devers da Cliff Mitchell, a kan hanyarsu ta zuwa babban birni. Italiyawa sun isa Soddo a farkon 1937, kuma a watan Afrilu suka ɗora 'yan mishan a manyan motocin soja suka fice da su. Shekara tara na aiki, abin da aka bari a Walaita shi ne mutum 48 masu baftisma. Kaɗan ne cikinsu suka iya karatu sosai. Abin da ke hannunsu cikin harshen da suke ji bai wuce Bisharar Markus da wani ɗan ƙaramin littafi na zaɓaɓɓun ayoyi ba. A kwatanta da mu: cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932.

Na daɗe ina tunanin wannan Bisharar Markus. Ita ce mafi gajarta cikin huɗun, sura 16. Almajiran da ke cikinta kuwa ba jarumai ba ne. A faɗa musu abu su kasa ganewa, iska ta taso a teku su firgita, su yi ta gardamar wane ne babba a cikinsu, daren da aka kama Ubangijinsu kuma kowa ya ranta a na kare. A ganina, mutumin da wannan kaɗai ya mallaka ba zai ɗauka cewa almajiranci sai mai digiri ko mai ƙarfin hali ba. Zai ga mutane irinsa, masu tsoro irin nasa, waɗanda aka kira suka bi, suka faɗi, aka sake kiran su. Mu Hausawa ma kalmar da masu fassara suka zaɓa mana tana da nauyi. Almajiri a wurinmu shi ne wanda ya bar gida don neman sani, ba shi da rumbu, abincinsa yana hannun Allah ta hannun maƙwabta. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, da kalmar tawakkali suka tashi.

To me mutum 48 ɗin nan suka yi? Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abubuwan. Wanda ya san aya ɗaya ya koya wa wanda bai sani ba. Wanda ya iya haruffa ya zaunar da yaran maƙwabta. Suna magana a kasuwa, a gona, a hanyar rafi, musamman kuma a wurin makoki, domin a Walaita jana'iza taro ce ta gari duka. Sun ƙirƙiri waƙoƙinsu da karin ƙasarsu, mai bayarwa ya bayar jama'a su amsa, ta haka wanda bai iya karatu ba ya haddace koyarwa yana tafe yana aiki. In masu bi sun yi yawa a wani tudu sai su haɗa itace da ciyawa su tada ɗakin sujada irin ginin gidajensu. Dattawa suna haɗuwa lokaci lokaci su yanke shawara a kan matsalolin da ba wanda ya bar musu amsarsu a rubuce: mai mata biyu da ya ba da gaskiya, mai shan giya, wanda ya koma wurin boka da ɗansa ya kwanta ciwo. Ba wanda za su aika wa wasiƙa su tambaya. Su yi addu'a, su duba ɗan abin da ke hannunsu, su yanke, su ɗauki nauyin abin da suka yanke.

Cikin sunayen da tarihi ya riƙe akwai Biru Dubale, ɗaya daga cikin shugabanninsu na farko, da Wandaro, mai bishara daga yankin Humbo. Labarin Wandaro ya fi yaɗuwa ta littafin Raymond Davis mai suna Fire on the Mountains, wanda ya fito a 1966. Davis yana cikin waɗanda aka kwashe daga Soddo a 1937. Bisa ga abin da ya rubuta, wani hakimi mai suna Dogesa ya sa Wandaro a gaba. Ya rushe musu ɗakin sujada, ya tsayar da shi a bainar jama'a yana nuna masa cewa Turawan da ya dogara da su sun gudu, don haka ya haƙura. Wandaro ya ba shi amsa cewa ba Turawan yake bauta wa ba, wanda ya aiko su kuwa bai tafi ba. Aka yi masa dukan kawo wuƙa, aka tuge masa gemu, aka yi masa bulala da dorina, aka kulle shi wajen shekara guda.

Ku lura, amsar Wandaro ita ce dai amsar da na ba dattijon nan a rediyo, kusan kalma da kalma. Bambancin shi ne, ni na faɗe ta ina zaune a kujera gaban makirfo, shi kuwa ya faɗe ta ya san abin da zai biyo baya. Akwai kuma wani bambancin da ya fi wannan. A gidajen yarin Habasha na lokacin hukuma ba ta ciyar da fursuna, danginka ne za su kawo maka abinci, in ba ka da kowa yunwa ta kashe ka. Mutumin da ya bar addinin gidansu kuwa sau da yawa danginsa sun yafe shi. Sai masu bi suka zama dangin. Suna tafiyar sa'o'i a ƙafa ɗauke da abinci da tufafi, har abincin ya yi yawa ana raba wa sauran fursunoni da ba su da mai kawo musu. Masu gadi suka riƙa tambayar wane ne wannan da jama'a ke yi wa sintiri haka. Wandaro ya dogara ga Allah, Allah kuwa ya ciyar da shi da ƙwaryar wata mata da ta taso tun asuba daga wani tudu. Da aka sake shi, an ce ya tara masu bi suka je suka taya Dogesa girbin gonarsa. Wannan ɓangaren, in faɗi gaskiya, ya fi ƙarfina. Ina karanta shi ina tambayar kaina ko ni zan iya gai da mutumin ma.

Tsanani ya ƙaru da Italiya ta shiga yaƙin duniya na biyu a watan Yuni 1940 tana gaba da Ingila, domin ana yi wa waɗannan masu bi kallon mutanen Turawan Ingilishi. Davis ya ba da labarin wani kamu da aka yi wa shugabanni kusan 50, aka yi wa kowannensu bulala 100, ɗaya ma 400, uku suka mutu. Kada kuma a ɗauka su kaɗai suka sha wuya. Ikilisiyar Orthodox ta zubar da jini fiye da kowa a wannan mamaya. An harbe Abune Petros a Adis Ababa a watan Yuli 1936 saboda ya ƙi miƙa wuya, kuma bayan yunƙurin kashe gwamnan Italiya Graziani ranar 19 ga Fabrairu 1937 an yi wa mutanen birnin kisan gilla na kwanaki, sannan a watan Mayu aka karkashe sufaye da masu hidima na Debre Libanos. Masu ba da labarin Walaita a majami'unmu sukan tsallake wannan, kuma bai kamata ba.

A 1941 aka kori Italiya. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye: cikin rundunonin da Ingila ta kawo akwai bataliyoyin Najeriya da na Gwalkwas, wato Gana ta yau, waɗanda Hausa ce harshen bariki a cikinsu. Sojojin Najeriya sun kama Mogadishu a watan Fabrairu, suka keta hamada cikin 'yan makonni har Jijiga da Harar. Haile Selassie ya koma Adis Ababa ranar 5 ga Mayu 1941, shekara biyar daidai da faɗuwarta, a cikin watan kuma aka ƙwace Soddo. Da 'yan mishan suka fara leƙowa bayan haka, zuciyarsu ɗaya ita ce ko za su tarar da sauran wani daga cikin 48 ɗin. Suka tarar da dubbai. Lissafin ya danganta da wanda ya ƙirga da shekarar da ya ƙirga, wasu sun rubuta 10,000, wasu 18,000, da majami'u wajen 100. Ko an ɗauki mafi ƙanƙanta, an ninka fiye da sau 200.

A nan ne yawancin masu wa'azi ke tsayawa, jama'a su ce amin, a tashi. Ni kuwa aikin jarida na koya, an kuma hore mu da tambayar me aka bari ba a faɗa ba. Abu na farko, akwai dalilai na zaman duniya. Zuwan Italiya ya karya ƙarfin hakiman arewa na ɗan lokaci, ya sassauta aikin tilas da ke wuyan manomi, an kuma yi shelar soke bauta. Tsohon tsari ya girgiza, bokaye sun kasa kare kowa daga jirgin sama, mutane suna neman abin riƙewa. Ga saƙo ya zo da harshen uwa, daga bakin maƙwabci, ba ya neman akuya ko sa, yana kuma cewa bawa da ɗa ɗaya suke a gaban Tosa. Ni mai bi ce, na gaskata hannun Allah yana cikin abin da ya faru. Amma ban ga inda sanin waɗannan dalilai ya rage wa Allah komai ba, kamar yadda sanin yadda hadari ke haɗuwa bai hana manomi gode wa Allah da ruwa ba.

Abu na biyu shi ne wanda na ce a riƙe. Mutanen nan ba ranar da motocin soja suka tashi suka fara koyon tsayawa da ƙafafunsu ba. Tun Turawa na nan ba a saba musu da albashi ba, tun Turawa na nan dattawansu ke yanke hukunci. Da canji ya zo, abin da suka rasa shi ne malamai da magani da abokai, wanda ba ƙaramin rashi ba ne, amma ba a tafi da rumbunsu ba don dama ba a hannun baƙo yake ba. Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Haka ne, sai dai wanda ya saba cin tuwonsa da miya kaɗan ya fi saurin jurewa.

Abu na uku, komowar sarki ba ta kawo ƙarshen wahala ba. Hakiman da suka dawo kan kujerunsu sun ci gaba da kulle masu bishara shekaru da yawa. Dokar da gwamnati ta kafa a 1944 ta raba ƙasar gida biyu, inda mishan za su iya wa'azi da inda ba za su iya ba, ta kuma wajabta koyarwa da Amharanci. Wato ikilisiyar da ta girma da harshen uwa sai ga ta tana karatun Littafi da harshen masu mulki. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Walaitanci bai fito ba sai bayan shekara ta 2000. Duk da haka Walaitawa suka riƙa aika nasu masu bishara zuwa Gamo da Gofa da ƙasashen kogin Omo, da kuɗin baikonsu, mutum ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa da fartanyarsa ya je ya zauna cikin baƙin mutane yana noma yana koyarwa. Daga wannan aiki da irinsa a Kambata da Hadiya da Sidama aka sami ikilisiyar Kale Heywet, wadda yau mabiyanta miliyoyi ne.

An sake gwada su. A 1974 sojoji suka tumɓuke Haile Selassie, gwamnatin Derg ta Mengistu Haile Mariam ta rungumi gurguzu, aka rufe majami'u da yawa, aka kulle shugabanni. A 1979 aka kashe Gudina Tumsa, babban sakataren ikilisiyar Mekane Yesus, aka kuma kashe shugaban ikilisiyar Orthodox, Abune Tewofilos. Wata ƙaramar ikilisiya mai suna Meserete Kristos, da aka rufe a 1982 tana da mutum wajen 5,000, ta rarrabu zuwa ƙananan ƙungiyoyi na mutum biyar zuwa bakwai a cikin gidaje, mata suna jagorantar da yawa daga ciki, ana shigowa ɗaya bayan ɗaya kamar masu zuwa shan gahawa. Da gwamnatin ta faɗi a 1991 aka ƙirga su sun kai 34,000.

Yanzu bari in dawo gida, in kuma yi hattara, domin a nan ne mutum zai iya yaudarar kansa. Nijar ba Walaita ba ce. Su suna zaune ne cikin jama'a masu bautar gargajiya da aka ci da yaƙi. Mu muna zaune cikin al'umma Musulma mai dogon tarihin karatu da rubutu, waɗanda su ne iyayenmu da kawunnanmu da abokan aikinmu. A ƙidayar 2012 Kiristocin ƙasar nan ba mu kai kashi 1 cikin 100 ba, bayan kusan shekara 90 da fara aikin mishan. Duk wanda ya karanta labarin Soddo ya ce in Turawa suka tafi mu ma za mu wayi gari mun ninka sau 200, to lissafin dokin rano yake yi. In kuwa yawan kai ne ma'aunin almajiranci, sai mu ce tsofaffin Tsibiri da Dogon Dutsi da suka riƙe bangaskiyarsu shekara 50 su goma sha a ƙauye sun gaza, ni kuwa ba zan iya faɗin haka ba. Mutum 48 ɗin nan ma, ranar da suke tsaye suna kallon ƙurar motoci, ba wanda ya yi musu alkawarin 10,000. Abin da suka gani a gabansu bulala ce, suka ci gaba. Da a ce an dawo an tarar da su 30, da ba a rubuta littafi a kansu ba, amma abin da suka yi ɗin dai shi ne.

Na ɗan ɗanɗana irin wannan a watan Janairu 2015, ina makarantar koyon aikin jarida a Yamai, lokacin da zanga-zangar zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta rikiɗe aka ƙona majami'u da dama, ranar 16 a Damagaram, ranar 17 a Yamai. Lahadin da ta biyo baya mun yi sujada a tsakar gidan wani dattijo, a kan tabarmi, ba makirfo ba kujeru. Maƙwabcinsa, wani Alhaji, shi ya aiko da ƙarin tabarmi da ruwan sanyi. Abin da ban manta ba shi ne maganar da ta fi yawa a bakinmu cikin makonnin nan, har da ni: yaushe taimako zai zo daga waje a sake gini? Ba laifi ba ne a karɓi taimakon 'yan'uwa, an kuma gode wa waɗanda suka taimaka. Amma da na karanta labarin Walaita bayan shekara takwas, sai na ji kunyar cewa tambayarmu ta farko ke nan.

Cikin watan Satumba na 2023 na ba da wannan labari a shirin Lahadi, kashi biyu, mako biyu a jere. A mako na biyu, saura minti kaɗan mu rufe, sai ga dattijon nan a layi, na gane muryarsa tun daga sallama. Bai ce komai a kan 10,000 ko 18,000 ba. Ya ce, "Ɗiyata, maimaita mini wurin abincin gidan yarin nan. Kin ce da ƙafa suke kai masa?" Na maimaita masa. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sannan ya ce mai bishararsu wata biyu ke nan bai ga ko dala ba, yana da 'ya'ya biyar, kuma gero ya kusa isa yanka. Ya ce in ba damuwa in sanar a rediyo cewa dattawan ƙauyuka huɗu na yankinsu za su haɗu ranar Asabar bayan kasuwa, kowa ya zo da lissafin tiya nawa gidansa zai iya fitarwa. Yana cikin faɗa mini sunan ƙauye na huɗu kuɗin wayarsa suka ƙare. Na karanta sanarwar da sunaye uku, na ce na huɗun su ji daga bakin maƙwabtansu.